Taswirar wasanka ta ɓace? Ga abin yi



Masu bibiyarmu sun san wasan labari da muke yi da matasa duk Asabar, irin Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974, sai dai namu a ƙasar Hausa Bakwai yake gudana. Sati biyu na kwashe ina zana taswirarsa, tun daga Daura har Ranonmu, har da duwatsun Rurum. Daren Juma'a na share bayanan burauza, wallahi sai aiki ya bi ruwa.

Laifina ne. Manhajar da ke aiki cikin burauza, kamar Azgaar, tana iya ajiye taswira a ma'ajiyar burauzar. Ka share ta, ka share wahalarka. Don haka sauke fayil ɗin .map a kwamfuta, ka tura wa kanka kwafi. Hoton PNG na bugawa ne, ba ya buɗuwa don gyara.

Na biyu, in kwamfuta tana sanƙarewa, rage yawan ɗigon da ake gina taswirar da shi.

Na uku, in ƙ, ɗ da ɓ sun koma akwatuna, salon rubutun ne ba shi da su. Koma Noto Sans ko Andika.

Asabar ɗin dai a ƙasa muka zana da tsinke, kamar masu dara. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.