Kogin Jama'are: Tsakanin Gandun Daji da Garuruwa

Kogin Jama'are yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa Jihar Bauchi ta Jama'are da tsohon garin Katagum, kafin ya haɗu da Kogin Hadeja. Ruwan kogunan biyu ne ke ciyar da dausayin Hadeja da Nguru, wanda wani sashensa, wato Dagona, ke cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991.

An riga an tare ɓangaren Hadeja da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, domin noman rani da ruwan shan Kano. Tun daga nan ambaliya ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka ji a jikinsu.

Shi ya sa madatsar Kafin Zaki, wadda aka tsara ginawa a kan Kogin Jama'are, ta zama abin jayayya. Bauchi na son ta, kuma buƙatarta ta gaskiya ce. Yobe da Barno kuwa, waɗanda ruwan ke gangarawa zuwa gare su, na tsoron fadamunsu su bushe, domin Jama'are ne babban kogin da ya rage yana malala yadda ya saba.