Gaɓar Matan Fada: Filin Kwana Huɗu Ko Na Shekara Guda?

Gasar su ta Argungu ba ta wuce kimanin sa'a guda ba. Da an ba da alama, dubban masunta su kwasa a guje da homa da gora su afka kogin Matan Fada, ruwa ya dame ya koma laka, kafin ka ankara an ɗora giwan ruwa a sikeli. Bikin gaba ɗayansa kwana huɗu ne. Sai dai kusan duk abin da aka gina a bakin kogin, daga rumfar manyan baƙi har masaukai, domin waɗannan kwanaki aka yi shi. Baƙi na watsewa sai a bar wa rana da ƙura wurin.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa su na girmamawa, aka rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Amma wannan karramawa ta zo ne bikin na kwance, domin daga na 2009 ba a sake yi ba sai Maris 2020. Waɗannan shekaru sun isa shaida cewa ginin da aka yi don biki kawai, ranar da biki ya tsaya shi ma ya tsaya.

Birnin Chicago na Amurka ya sha irin wannan matsala a kan Navy Pier, matsayar jiragen ruwa da ta kutsa kusan kilomita guda cikin Tafkin Michigan. An buɗe ta a 1916, ta yi zaman sansanin horar da sojan ruwa, ta yi zaman harabar jami'a, a 1995 ta koma wurin shaƙatawa cike da shaguna. 'Yan gari suka riƙa ƙorafin cewa ta zama ta 'yan yawon buɗe ido. A 2012 aka zaɓi kamfanin James Corner ya sake fasalinta, kashin farko ya kammala a 2016. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne yadda aka rage tarkace, aka dasa itatuwa, aka buɗe wa mai tafiya hanyar ganin ruwa.

To, amma tafki daban, kogin fadama daban. Da damina ruwan kogin Rima yakan haura gaɓa ya malale fadama, da rani ya janye ya bar yashi da taɓo, kuma yawansa na hannun madatsun Goronyo da Bakolori da ke can sama. Wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta 2020 a Jihar Kebbi ba zai yarda a kafa wa kogin nan doguwar katangar siminti ba. Ruwa zai rarake ƙarƙashinta, ko ya karkata ya faɗa gonar shinkafar wani. Abin da ya dace shi ne matakala masu faɗi da ke gangarawa har bakin ruwa, damina ta rufe na ƙasa, rani ya buɗe su, ranar biki kuma su zama wurin zaman 'yan kallo. Tsakaninsu a dasa jema, wadda saiwarta ke nutsewa ta riƙe ƙasa, da giyayya da ba ta tsoron tsayawa cikin ruwa. Can sama inda ambaliya ba ta kai, a sa tsamiya da maɗaci. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, filin da babu inuwa babu mai zama cikinsa.

A dubi mashigin kwale-kwale kuma. Mace ce ɗauke da kwaryar shinkafa a ka, goyo a baya, ƙafa ɗaya cikin jirgin da ke lilo, ɗaya a kan taɓo mai santsi, mai fito yana dafe da gora yana ce mata, "Sannu inna, taka a hankali." Dakali mai ƙarfi da turken ɗaure jirgi da rumfar ajiye rigunan kariya sun fi mata wata ƙawatacciyar ƙofar shiga. Hatsarin jirgin Warrah a Ngaski, a Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa a kan kogin Kwara, ya isa ya sa jihar ta ɗauki kowane mashigi da muhimmanci.

Wa za a tambaya kafin a zana taswira? Zauro tana da amsa. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka tsara aikin noman rani na fadamar Zauro, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, wanda zai shayar da fiye da hekta 10,000. Shekaru suka shuɗe bai wuce gwaji ba, kuma cikin abubuwan da suka dabaibaye shi har da fargabar manoma cewa za a raba su da gonakin gado. Matan Fada ma tana da masu ita. Sarkin Ruwa da Homa su ke da ta-cewa a kan ruwan, kuma hana su a wurin sauran watannin shekara shi ke sa a samu manyan kifaye ranar gasa. Buɗe gaɓar ga jama'a dole ya zo da kiyaye wannan doka, in ba haka ba a wayi gari da kyakkyawan fili a bakin kogin da babu kifi.

Mata ba sa shiga gasar, amma su ke bandar kifi da turara shinkafa. A ware masu rumfunan sana'a na dindindin, da famfo da banɗaki, ba sai ranar biki ba. A kuma shimfiɗa hanyar ƙafa mai inuwa zuwa Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da ta koma gidan tarihi a 1958, yadda 'yan makaranta za su ga kayan yaƙin Kabawa da safe, su sauko bakin kogi da hantsi.

Saura batun kulawa, wanda a nan ayyukanmu suka fi mutuwa. Kafin a aza tubali ɗaya, gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Argungu da masarauta su rubuta wanda zai biya mai shara da mai ban-ruwan dashe da mai gadi, a kuma ware wani kaso na kuɗin rumfuna da na biki domin wannan aiki kaɗai.