Teku a Cikin Ɗaki: Kimiyyar Gina Babban Akwatin Kifin Ruwan Gishiri

Gabatarwa

Da asubahin ranar 16 ga Disamba, 2022, baƙin wani otal a tsakiyar birnin Balin na ƙasar Jamus suka farka da wata ƙara mai kama da faɗuwar aradu. Wani ƙaton akwatin kifi ne mai suna AquaDom, wanda aka girke a zauren otal ɗin tun shekarar 2003, ya fashe. Akwatin yana da siffar ganga, tsayinsa mita 16, kuma yana ɗauke da ruwan gishiri kimanin lita miliyan ɗaya da kifaye wajen 1,500. Nan da nan ruwan ya ɓalle ƙofofi ya malala kan titi, mutum biyu suka ji rauni, kusan dukkan kifayen kuma suka mutu.

Wannan na 'yan kasuwa ne, kuma ƙwararrun injiniyoyi suka gina shi. To amma a ƙasashen Turai da Amurka da gabashin Asiya akwai masu sha'awa waɗanda kan gina irin wannan akwati a cikin gidajensu, mai cin lita dubu biyu ko uku ko fiye, domin su riƙa kallon kifayen teku da murjani suna zaune a falo. Dokokin da suka yi aiki a kan akwatin Balin su ne ke aiki a kan nasu. A wannan maƙala za mu bi irin wannan gini mataki-mataki, domin kusan kowane mataki darasi ne daga cikin darussan fiziks da kemistiri da bayoloji da ɗalibai ke karantawa a sakandare. Mai karatu zai ga cewa duk wanda ya shiga wannan aiki, sai ya iya kiwon ruwa tukuna kafin ya iya kiwon kifi.

Nauyi da Matsin Ruwa

Bari mu ɗauki akwati mai tsawon mita 3, da faɗin mita 1, da zurfin mita 1. Wannan zai ci lita 3,000. Lita ɗaya ta ruwan teku tana da nauyin kimanin kilo 1.025, saboda haka ruwan kaɗai ya kai kilo 3,075, watau nauyin buhunan siminti sama da 60, ba a sa nauyin gilashi da duwatsu da yashi ba. A ƙasashe da yawa akan tsara daɓen benen gidajen kwana ne don ɗaukar kilo 150 zuwa 200 a kan kowace murabba'in mita, alhali kuwa akwatinmu zai ɗora fiye da kilo 1,000 a kan wannan fili. Wannan ne ya sa akan girke shi a ƙasa, bisa kankare mai kauri wanda aka daidaita sosai, gama ɗan karkata kaɗan kan sa nauyi ya taru a kusurwa ɗaya har haɗin ya buɗe.

Ruwa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura bangon akwati ma. Abin lura shi ne, matsin ruwa ya dogara ne ga zurfi, yawan ruwan bai shige shi ba. A akwatinmu, ƙarfin da ke tura gilashin gaba ya kai nauyin tan ɗaya da rabi. In aka ninka zurfin ya zama mita 2, ƙarfin zai ninka sau huɗu ya kai tan shida, domin matsin ya ninka, faɗin gilashin da ake turawa shi ma ya ninka. Saboda haka magina sukan fi son dogon akwati a kan mai zurfi.

Manyan akwatunan gida akan yi jikinsu da kankare, ko da katako mai kauri wanda aka lulluɓe da danƙo mai hana ruwa wucewa, sa'an nan a bar fuska ɗaya ta kallo. Ita wannan fuska ko dai ta gilashi ce mai kauri wadda akan liƙa da silikon, ko kuwa ta akirilik, wata roba mai garai-garai wadda nauyinta kusan rabin na gilashi ne, amma tana saurin ƙarzuwa. Ba a barin ƙarfe ya taɓa ruwan, domin gishiri na saurin sa shi tsatsa, jan ƙarfe kuwa guba ne ga murjani da jatan lande. In an gama gini, sai a cika shi da ruwan daɗi a bar shi kwanaki a ga ko zai yi yoyo. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Gishirin Teku Daban da na Miya

A kowane kilo na ruwan teku akwai kimanin giram 35 na narkakken gishiri, ke nan akwatinmu zai buƙaci fiye da kilo 100. To amma wanda ya zuba gishirin miya ya kashe kifinsa. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na gishirin teku ne sodiyam da kulorayid. Ragowar ya ƙunshi salfet da magniziyam da kalsiyam da fotasiyam da wasu sinadarai 'yan kaɗan waɗanda halittun teku ba sa rayuwa sai da su. A shekarar 1884 masanin kemistiri William Dittmar ya bayyana sakamakon awon da ya yi wa samfur 77 na ruwa da jirgin bincike Challenger ya ɗebo daga tekunan duniya. Ya gano cewa ko da yawan gishiri ya bambanta daga wuri zuwa wuri, rabon waɗannan manyan sinadarai da junansu ba ya sauyawa. Wannan ne ya sa za a iya haɗa garin gishiri a masana'anta, mutumin da ke nesa da gaɓa ya dama shi da tataccen ruwa ya sami abin da kifin teku zai karɓa.

Me ya sa kifin ya damu da wannan awo? Dalilin shi ne osmosis, watau yadda ruwa kan ratsa siririyar fata daga inda gishiri ya yi kaɗan zuwa inda ya yi yawa. Jinin tarwaɗa ko ƙarfasa ya fi ruwan kogi gishiri, don haka ruwa ke shiga jikinsu, ƙodarsu kuma tana fitar da shi ta fitsari mai yawa. Kifin teku kuwa jininsa bai kai ruwan da yake ciki gishiri ba, kullum ruwan jikinsa zurarewa yake yi. Dole ya riƙa shan ruwan teku, sa'an nan ya fitar da rarar gishirin ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai. A teku yawan gishiri ba ya sauyawa farat ɗaya, shi ya sa jikinsa bai saba da sauyin gaggawa ba.

A cikin ɗaki kuwa ruwa na tashi ya bi iska kowace rana, ya bar gishirinsa a baya, kamar dai yadda ake samun gishiri a ramukan Bilma. In aka cike gurbin da ruwan gishiri, akwatin zai yi ta ƙara gishiri har ya zama ajalin abin da ke ciki. Ruwan daɗi tatacce ake ƙarawa, a kuma riƙa auna gishirin a kai a kai.

Ma'aikatan da Ido ba ya Gani

Babban kuskuren sabon shiga shi ne zuba kifi a ranar da ya cika akwati. Kifi yana fitar da amoniya ta gaɓoɓin numfashi, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake bayarwa. A teku wannan dauɗa takan ɓace cikin ɗimbin ruwa, a akwati kuwa taruwa take yi. Bugu da ƙari, ruwan teku yana da kimanin 8.1 a ma'aunin pH, kuma a irin wannan yanayi dafin amoniya ya fi na cikin ruwa mai ɗan tsami ƙarfi.

Masu ceton kifin ƙananan halittu ne da ke zaune a jikin duwatsu da yashi. Wani rukuni yana mayar da amoniya zuwa naitirayit, wanda shi ma ba a so ya taru, wani rukunin kuma ya mayar da naitirayit zuwa naitiret, mai sauƙin illa. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya ware irin waɗannan bakteriya a shekarar 1890. An daɗe ana ɗaukar cewa bakteriya kaɗai ke wannan aiki, sai a shekarar 2005 masana suka ware wata halitta ta wani gida daban da ake kira Akiya, suka sa mata suna Nitrosopumilus maritimus. Daga tsakuwar wani akwatin ruwan gishiri a gidan kifi na birnin Siyatil a Amurka aka samo ta, kuma yanzu an san danginta suna daga cikin halittun da suka fi yawa a tekunan duniya. Ka ga akwatin kallo ya koya wa kimiyya abin da ba ta sani ba game da tekun kansa.

Waɗannan ma'aikata sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da ake buƙata. A tsawon wannan lokaci akwatin zai zauna ba kifi, ana sa ɗan abinci ya ruɓe, ana awo har amoniya da naitirayit su sauko zuwa sifiri. Daga nan sai a fara sa kifi kaɗan-kaɗan. Akan taimaka musu da duwatsu masu ƙananan ramuka, inda wasu bakteriya da ba sa buƙatar oksijin ke mayar da naitiret zuwa iskar naitirojin. Akwai kuma injin kumfa, wanda ke cusa ƙananan ƙwayoyin iska cikin ruwa, dauɗa ta manne musu ta taso sama a kwashe, kamar kumfar da igiyar ruwa ke tarawa a gaɓar teku.

Murjani, Haske da Numfashi

Mutanenmu sun san murjani a matsayin jan dutsen ado. Asalinsa kuwa ƙashin wata dabba ce ta Bahar Rum. Danginta da ke gina tsaunuka a ƙarƙashin tekuna masu ɗumi, su ne masu akwati suka fi sha'awa. Kowane reshe taron ƙananan dabbobi ne, kuma a cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya wadda ke haɗa abinci da hasken rana ta ba mai masaukinta. Don haka akwatin murjani yana buƙatar fitilu masu ƙarfi. Har ila yau, murjani yana gina ƙashinsa da kalsiyam kabonet, sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da farin wuri, saboda haka dole a riƙa mayar wa ruwan kalsiyam ɗin da ya zuƙe, a riƙe shi wajen miligiram 420 a kowace lita.

Zafin ruwa kuma ana tsare shi tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas. In ya haura abin da murjani ya saba da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, sai ya kori gansakukar, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa. Haka ya faru ga ɗimbin murjani a tekunan duniya a shekarar 1998, da kuma a gaɓar Ostireliya a 2016. Wanda zai gwada wannan aiki a ƙasarmu, inda zafin bazara kan haura digiri 40, injin sanyaya ruwa zai fara nema.

Sa'an nan ga maganar numfashi. A digiri 25, lita ɗaya ta ruwan daɗi tana riƙe oksijin kimanin miligiram 8, ta ruwan teku kuwa ba ta kai 7 ba. Anna Thynne, wadda ta fara ajiye murjani a gidanta a Landan a shekarar 1846, ta raya shi shekaru ta hanyar sa a riƙa juya ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan domin ya sha iska. Injuna ke wannan aiki a yau. In wuta ta ɗauke suka tsaya, kifi da bakteriya za su ci gaba da zuƙar oksijin, kuma cikin sa'o'i kaɗan aikin shekaru zai iya lalacewa. Janareta ko batir na ko-ta-kwana wajibi ne.

Amanar da ke Wuyan Mai Akwati

Yawancin nau'o'in kifin ado na teku kamo su ake yi daga mazauninsu. A wasu sassan Filifin da Indonesiya an sha amfani da gubar sayanayid wajen sumar da su, abin da ke kashe murjanin wurin, ya kuma raunana kifin da aka kama. Mai hankali zai nemi wanda aka haifa a gidan kiwo, da murjanin da aka yanko daga na wani akwatin. Haka kuma ba a sakin abin da aka gaji da shi a teku. Wani kifi mai ƙayoyin dafi da ake wa laƙabi da zaki, ɗan asalin tekunan Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a shekarar 1985, kuma masana sun fi danganta zuwansa da masu akwatunan kifi. Daga baya ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifayen wurin.

Kammalawa

Mun ga cewa abin da teku ke yi da girmansa, watau daidaita gishiri da zafi, da narkar da dauɗa, da shayar da ruwa iska, mai akwati sai ya yi shi da awo da injuna da haƙuri, kuma kuskure ɗaya ya isa ya rusa sauran. Malamai za su iya nuna tushen wannan a aji ba tare da kashe kuɗi ba. A huda gorar roba a wuri uku daga sama zuwa ƙasa, a cika ta da ruwa, ɗalibai su ga wace huda ce ta fi feso ruwa da ƙarfi. A narkar da giram 35 na gishiri cikin lita ɗaya, a zuba kaɗan a faranti a bar shi a rana. A yanka dankali biyu, a jiƙa ɗaya cikin ruwan daɗi, ɗayan cikin ruwan gishirin, a duba su bayan sa'a guda. Sa'an nan a tambayi ɗalibai abin da zai sami tarwaɗa in aka jefa ta cikin teku, kowa ya rubuta amsarsa tare da dalili.