'Yan Dakon Bakin Ruwan Yawuri: Aiki Ba Takarda, Lada Ba Tabbas

Duk wanda ya taɓa sauka bakin ruwa a Yelwan Yawuri ran kasuwa ya san ba jirgi kaɗai ke kawo albasa gari ba. Kafin matuƙi ya kashe inji, samari sun riga sun tsunduma cikin ruwa har gwiwa, kowa da gammonsa, suna jiran a ɗora masu buhu. Su ne 'yan dako. Daga nan har Warra a Ngaski, da ƙauyukan Shanga, a kansu albasa da shinkafa da busasshen kifi ke hawa tudu.

Aikin yana da tsari, ko da yake ba a rubuce yake ba. Akwai mai jirgi, akwai matuƙi da yaronsa mai kwashe ruwa. Akwai ɗan kamasho mai tara fasinja da karɓar kuɗi, da masu lodi waɗanda suka san inda za a aza nauyi don kada jirgi ya karkace. Sai ɗan dako, sai mai amalanke da ke jira a tudu. Kowa da iyakar aikinsa, kuma yawancin rigimar bakin ruwa a kan iyakar nan take: wa ke da haƙƙin sauke kayan wane jirgi, kuma nawa ne buhu?

Shi kansa ruwan yana sa baki a cinikin. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane wajen 44,000, ciki har da Gungawa da Kambari da yawa, tabkin yakan cika ya kuma janye kowace shekara. In ya janye, jirgi ya tsaya nesa, ɗan dako ya yi ta kutsawa cikin laka da buhu a ka. Ya ce a ƙara masa, mai kaya ya ce ai buhun bai ƙara nauyi ba. To, wa zai raba wannan gardama, alhali ba takarda, ba shaida sai fatar baki?

Kada mai karatu ya ɗauka a manyan tashoshi babu irin wannan. A 1996 aka haɗe ƙungiyoyi huɗu na ma'aikatan ruwa suka zama ƙungiya ɗaya, wato MWUN. A 2006 gwamnati ta miƙa gudanar da tashoshi irin su Apapa da Tin Can a Ikko ga kamfanoni masu zaman kansu, sai ya zama dole ƙungiyar ta zauna da su a rubuta lada da sharuɗɗan aiki. Duk da haka, a 2015 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa ta sallami akawu masu ƙirga kaya da masu gadin cikin jirgi, aka yi shekaru ana ja-in-ja a kai. Bambancin kawai, na Ikko yana da takardar da zai ɗaga. Na Yawuri in bayansa ya riƙe, ladansa ya tsaya ran nan.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake biya. Ɗan kamasho yana samu bisa yawan kai, mai lodi bisa yawan buhu, mai jirgi bisa duka biyun. Ke nan babu wanda zai amfana in aka ce jirgi ya cika, ya isa haka. Wanda ya faɗa, shi ake kira mai baƙin ciki. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja da mutane fiye da 150, har da babura, ya tarwatse kusa da Warra. Ƙalilan ne suka tsira. An yi maganar tsufan jirgi da kututturan itatuwan da tabki ya haɗiye, amma jami'an hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 don kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, sun ce kaya sun yi yawa.

Mu masu bi ba baƙi ba ne a wannan magana. Cikin samarin nan akwai 'ya'yan ikkilisiya, akwai maƙwabtanmu Musulmi, laka ɗaya suke takawa. Cikin masu kayan kuma akwai waɗanda ke zama a kujerar gaba ran Lahadi. Littafi Mai Tsarki, a Kubawar Shari'a sura 24, ya umarta a biya matalaucin ɗan ƙodago ladansa a ranar, kafin faɗuwar rana. Sau nawa ake ce wa yaro ya dawo kasuwa mai zuwa?

Gyaran ba sai an jira Abuja ba. Shugabannin masu jirgi da na 'yan dako za su iya zama gaban hakimi su tsai da kuɗin buhu iri biyu, na cikar ruwa da na janyewarsa, a rubuta a allo a kafa a tasha. A shafa layin fenti a jikin kowane jirgi, in ruwa ya taɓa shi a daina lodi. Mutumin da zai duba layin kuma a yanka masa albashinsa daga asusun ƙungiya, kada ya dogara da yawan fasinja.