Finafinan Maƙwabta da Ba Su Ƙetaro Iyaka Ba

Duk wanda ya san ƙasar Bagudo ya san iyakarta da Jamhuriyar Benin ba ta taɓa yanke zumunci ba. Daga Tsamiya sai a faɗa Segbana, daga Lolo sai Madekali har kasuwar Malanbil, inda gada ta haɗa Benin da Gaya ta Nijar. Shinkafa da shanu da busasshen kifi suna ƙetarawa, aure ma yana ƙetarawa. Ko da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, Dendawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawan ɓangarorin biyu ba su daina zama dangin juna ba. Amma akwai haja ɗaya da ta yi fiye da shekara hamsin ba ta samu hanyar shigowa ba, wato finafinan da maƙwabtan nan suka shirya a kan irin rayuwar da muke yi, waɗanda duniya ta gani ta yaba.

Ba ƙin fim ɗin waje muke yi ba. Tun zamanin majigin Turawa ido ya saba da kallo, kuma tun wajejen 1950 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa shigo da finafinan Indiya gidajen sinima na Kano da sauran manyan birane. Wanda ya fi daɗewa a zukatan mutane shi ne Mother India na 1957, wanda Mehboob Khan ya shirya, Nargis ta fito a matsayin Radha. Ba sai an yi wa manomin fadamar Kwara bayaninsa ba: ambaliya ta cinye gona, ga bashin mai ba da rance yana ninkuwa, ga uwa ita kaɗai da 'ya'ya. Daga baya kaset ya zo, faifai ya biyo shi, Turmin Danya na 1990 ya buɗe wa finafinan Hausa na Kano ƙofa. Yau a garuruwan bakin iyaka saurayi zai miƙa wayarsa ga mai turawa, ya ce a cika masa memori da Indiya-Hausa da 'yan Koriya da na Turkiyya, ya biya 'yan canji ya wuce. Ya san jaruman Mumbai da sunayensu. Ka tambaye shi Umaru Ganda, sai ya ce ɗan wane gari ne?

Ganda Bazabarme ne, an haife shi a Yamai a 1935. Ya shiga sojan Faransa yana matashi, aka kai shi yaƙin Indocina, ya dawo ya rasa aiki, ya tafi Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. A can ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya sa shi a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958. Daga nan ya koyi sana'ar, ya shirya nasa, Cabascabo, wanda aka nuna a birnin Kan na Faransa a 1969. Fim ne baƙi da fari, bai kai awa ɗaya ba, kuma Ganda ne da kansa ya hau kujerar jarumi. Tsohon soja ya dawo gida da kuɗin sallama, maroƙa suna zuga shi, abokai da 'yan mata sun kewaye shi, yana rabo yana ba da labarin fagen fama. Kuɗi suka ƙare, kowa ya kama gabansa. Ya nemi aikin lebura, aka wulaƙanta shi, a ƙarshe ya ɗauki gatari ya nufi karkara. A ganina ba a yi fim da ya fi wannan dacewa da garin da samarinsa ke fita cin rani su dawo da ɗan abin hannu ba.

Na biyunsa ya fi kusa da cikin gidajenmu. Le Wazzou polygame labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ya ɗora ido a kan yarinya Satu, wadda aka riga aka yi wa saurayi Garba alkawarinta. Dukiya ta yi aiki, aka ɗaura aure, ta zama ta uku. Matarsa ta biyu ta kasa haɗiye kishi, ta shirya kashe amarya, sai tsautsayi ya faɗa kan wata daga cikin ƙawayen amaryar. Zalika Suley ce ta fito a matsayin kishiyar, kuma tana cikin matan farko da suka riƙi fim sana'a a Afirka ta Yamma. Wannan fim ne ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1972. Da Zabarmanci ake magana a cikinsa, harshen da Badende na Lolo zai bi ba tare da tafinta ba. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, yana da shekara 45, aka sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa.

Akwai kuma Jaguar na Rouch, wanda aka ɗauka a 1954 amma bai fito ba sai 1967: makiyayi da masunci da wani ɗan boko mai kwalisa suka tashi daga Nijar a ƙafa, suka ratsa arewacin Dahome, wato Benin ta yau, har Kumasi da Ankara a Gana ta yau neman kuɗi. Sai Sarraounia na Med Hondo, ɗan Muritaniya, wanda ya fito a 1986 ya ci kyautar FESPACO a 1987. Daga littafin Abdullahi Mamani aka ɗauko shi, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Lugu tana ƙasar Dogon Dutsi, maƙwabciyar Arewa ta Jihar Kebbi. Tarihin Hausawa ne tsantsa, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma ɗaliban fim na Turai sun fi jikokin mutanen yankin saninsa.

Dalilin wannan rabuwa ba ɓoyayye ba ne. A ƙasashen renon Faransa kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, su ne suka riƙe gidajen sinima da harkar rarraba fim, kuma ribarsu tana cikin tsofaffin finafinan Amurka da Indiya masu araha. Finafinan 'yan Afirka da yawa da tallafin ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa aka gama su, sai suka ƙare a cibiyoyin al'adun Faransa da bukukuwan Turai, da fassarar Faransanci a rubuce a ƙasan allo. Najeriya kuwa tana kan wata hanyar kasuwa daban. Ko Pascal Abikanlou, wanda ya shirya dogon fim na farko na ƙasar Benin, Sous le signe du vaudou, a 1974, bai samu mai kawo shi wannan ɓangaren ba. Har yau lamarin bai canza ba. A 2024 fim ɗin Mati Diop mai suna Dahomey ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Balin a Jamus. A kan kayan sarauta 26 ne da sojojin Faransa suka kwashe daga Abome a 1892, aka mayar da su Benin a 2021, da muhawara mai zafi da ɗaliban jami'ar Abome-Kalabi suka yi a kai. An nuna shi a biranen Turai da Amurka, alhali mu da muka haɗa iyaka da ƙasar labarinsa kawai muka ji, wanda ma ya ji.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne tsofaffin finafinai suna farfaɗowa. Shehu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka gina a kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ganin ya ɓace, sai aka gano shi a ma'ajiyar hukumar fim ta ƙasa, aka gyara, aka nuna a Balin a 2018. A 2017 gidauniyar Martin Scorsese da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka, FEPACI, suka ƙulla shirin gyara tsofaffin finafinan Afirka 50.

Gyara kaɗai ba zai kai fim Bagudo ba, sai an ɗora masa murya. Masu fassara na Kano, irin su Algaita, sun riga sun nuna cewa Bahaushe zai zauna wa labarin kowace ƙasa muddin ya ji shi da harshensa. Abin da ya rage shi ne a nemi izinin magada da masu haƙƙin mallaka, a biya su, a fassara Cabascabo da Wazzou da Sarraounia da natsuwa, ba da barkwancin da ake cusa wa finafinan faɗa ba. Hukumar al'adu ta Jihar Kebbi na iya fara gwadawa a bikin kamun kifi na Argungu, inda baƙi daga Nijar da Benin suke zuwa da ma, sannan a bi makarantun sakandare na Illo da Kaoje da Zagga da allo da janareta.