Wordle: ƙaramin wasan da shawarar jama'a ta ɗaukaka

Ranar 1 ga watan Nuwamba na shekara ta 2021, mutum 90 kacal suka yi wasan Wordle a duniya baki ɗaya. Ranar 2 ga Janairu 2022 sun haura dubu 300, kafin ƙarshen wannan wata kuwa da miliyan ake ƙidayarsu. A lokacin babu kamfani a bayan wasan, ba a kuma kashe ko dala wajen talla ba. Mutum guda ya ƙera shi, wani injiniyan kwamfuta mai suna Josh Wardle, ɗan yankin Wales na ƙasar Birtaniya, mazaunin birnin Niyu Yok. Jarinsa shi ne kunne: ya san shawarar da ake ɗauka, ya san wadda ake bari.

Wordle na cikin ƙananan wasannin nan da ake buɗewa kai tsaye a shafin intanet, ta kwamfuta ko ta salula, ba saye, ba saukarwa. Manyan kamfanonin wasanni suna da ma'aikatan da ake biya domin su gwada haja kafin ta fita kasuwa. Mai ƙaramin wasa ba shi da wannan hali, saboda haka masu wasan su ne masu gwajinsa, su ne kuma masu yi masa shela.

Dokar wasan ba ta da wuya. Akwai ɓoyayyar kalmar Ingilishi mai harafi 5, an ba mutum dama 6 ya gano ta. Harafin da ya faɗa gurbinsa sai ya yi tsanwa, wanda ke cikin kalmar amma ya sauka wani gurbi ya yi ruwan ɗorawa, wanda babu shi ya yi ruwan toka.

Shawarar cikin gida

Tun cikin 2013 Wardle ya yi gwajin farko, ya nuna wa abokansa, ba su yaba ba, sai ya ajiye. Aibin wasan a lokacin shi ne ya zuba dukkan kalmomin Ingilishi masu harafi 5, sama da dubu 12, alhali mafi yawansu ko ɗan harshen bai taɓa jin su ba. Mutum ya ƙare damarsa shida, a nuna masa amsar da bai sani ba, me zai sa ya dawo gobe?

Abokiyar zamansa ce ta bi kalmomin tana ware sanannu, har aka rage kimanin 2500, shi kuma ya koma kan aikin a zamanin annobar korona. Daga nan danginsa suka yi ta wasan suna gaya wa juna sakamako a WhatsApp. Sai a watan Oktoba 2021 ya buɗe shi ga kowa.

Dabarar da ta zo daga nesa

Abin da ya fi yaɗa wasan bai fito daga kan mai shi ba. Da yake kalma ɗaya ake ba duniya duka kowace rana, wanda ya ci yana son ya yi alfahari, amma in ya faɗi amsar ya ɓata wa saura. Wasu masu wasa a ƙasar Niyu Zilan suka samo mafita: suna jera ƙananan murabba'ai masu launi da hannu, layi bisa layi, suna aikawa a Twitter. Kowa na ganin yadda mutum ya sha fama, ba a ga harafi ko ɗaya ba.

Wardle ya lura, a tsakiyar Disamba 2021 ya ƙara maɓallin da ke shirya wannan zane da taɓawa guda. Ya kuma ƙi saka adireshin shafinsa a cikin saƙon, domin kada ya yi kama da talla. Wanda ya ga murabba'an sai ya tambaya mene ne wannan, tambayar kuwa ita ta riƙa kawo sababbin mutane. Abin lura a nan shi ne, ba wanda ya rubuto masa takardar roƙo. Aikin da mutane ke yi da wahala ya gani, ya sauƙaƙa musu, kamar mai kantin da ya ga masu saye na raba buhu tsakaninsu, ya fara aunawa da tiya.

Inda aka ce a'a

Masu wasa da dama sun yi ta kukan kalma ɗaya a yini ba ta isa. Wardle bai saurara ba. A ganinsa wasan minti uku kawai yake nema daga mutum a rana, kuma jiran gobe shi ne gishirinsa. Da kowa na da tasa kalmar, da hirar da ake yi a kan kalmar yau ta mutu, zanen murabba'an ma ya rasa ma'ana.

Wasu suka ga kasuwa a wannan ƙin. A Janairu 2022 aka cika shagon App Store da kwaikwayon wasan, har da mai ba da wasa ba iyaka in an biya kuɗi, kafin kamfanin Apple ya cire su. A cikin watan ne kuma amsar wata rana ta zo da rubutun Amurka, mutanen Ingila suka yi ca, amma ba a sauya tsarin rubutun ba. Masu jin wasu harsuna ba su tsaya roƙo ba, nasu suka ƙera, kamar Sutom na Faransanci, wanda sunansa juyin Motus ne, tsohon wasan kalmomi na telebijin ɗin Faransa.

Nauyin da ya fi ƙarfin mutum guda

Sauraron mutum 90 daban, sauraron miliyoyi daban. Wardle da bakinsa ya ce abin ya yi masa yawa, tunda shi kaɗai ne. Ranar 31 ga Janairu 2022 jaridar New York Times ta ba da sanarwar sayen wasan, a kan kuɗin da ya kai aƙalla dalar Amurka miliyan 1, wato sama da miliyan 500 na sefa. Ƙorafi bai ƙare da ciniki ba. A Nuwamba 2022 jaridar ta naɗa edita, Tracy Bennett, domin zaɓen kalmomi. Da ta zaɓi kalmar da ta dace da ranar bikin godiya na Amurka, masu wasa suka yi gunaguni cewa kalanda ta tona amsar.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. Bafaranshe Julien Thiennot, da aka fi sani da Orteil, ya fitar da wasan Cookie Clicker a Agusta 2013, ya riƙe abinsa, ya shafe shekaru yana ƙara masa sababbin abubuwa. Yakan fara sakin kwafin gwaji domin masu wasa su tono kurakurai kafin a kai ga kowa.

Ko an sayar ko an riƙe, mai ƙaramin wasa ba ya rabuwa da bakin jama'a. In ya toshe kunne, wasansa zai tsaya inda Wordle ya tsaya a 2013. In ya ce zai biya wa kowa buƙata, abin da ya tara mutanen zai watse. Hausawa na cewa shawara ɗaukar ɗaki ce, sai dai mai ɗakin ne ya san inda zai aza shi.