Abincin Koriya Ya Ratsa Duniya, Daddawarmu Tana Ɓoye a Madafi

Duk malamin da ya zauna da 'yan makaranta a Samaru cikin 'yan shekarun nan ya san yadda wasannin kwaikwayo na ƙasar Koriya ta Kudu suka shiga ransu. Sai ka ga yarinya ta ƙura wa wayarta ido tana kallon mutanen da ba ta jin harshensu sai da fassara, amma in ka tambaye ta abin da su ke ci a cikin wasan, nan take za ta zayyana maka: wannan kimchi ne, waccan taliyar kuwa ramyeon a ke ce mata. Abin ba a Samaru kaɗai ya tsaya ba. Yau a London da Paris da New York da Dubai mutane na cika gidajen abincin Koriya, alhali kakanninsu ko sunan abincin ba su taɓa ji ba. Ya kamata mu duba yadda haka ta faru, domin labarin ya shafi tukunyarmu fiye da yadda mai karatu zai yi zato.

Da farko dai a sani, ba abincin masu hali ba ne. Koriya ta fita daga yaƙin da aka yi tsakanin 1950 da 1953 tana cikin ƙasashen da suka fi kowa talauci, jama'a na dogara da garin alkama na taimako daga Amurka. Ita taliyar nan ta ramyeon, kamfanin Samyang ne ya fara yin ta a 1963, don shinkafa ba ta isar mutane. Taliyar da aka ƙago don kore yunwa, ita ce a 2024 Koriya ta sayar wa ƙasashen waje ta fiye da dala biliyan 1.

Kimchi kuwa dabarar hunturu ce. A can sanyi ya kan yi tsanani, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki wata da watanni, ba ganye ba ɗanyen kayan miya. Saboda haka kafin sanyi ya kama, sai mata su taru gida-gida kamar aikin gayya, su yanka kabeji su barbaɗe shi da gishiri, su cuɗa shi da barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi mai gishiri, su danna a manyan tukwanen ƙasa, a bar shi ya yi tsami. Shi za a yi ta ci da shinkafa har bazara. Mu da rana ta wadace mu, shanya mu ke yi, mu ajiye kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir. Bukatar ɗaya ce, hanya ce ta bambanta.

To, shi wannan kimchi yana da wari, ba kaɗan ba. 'Ya'yan Koriyawa da suka tashi a Amurka sun sha ba da labarin yadda abokan karatunsu su ke toshe hanci in sun buɗe kwanon abincinsu, har waɗansu su roƙi iyayensu a daina sa musu shi. Wanda ya taɓa jin an ce da shi tufafinsa na warin daddawa ya san zafin wannan magana.

Mutanen Koriya ba su jefar da abinsu ba, gyara masa zama suka yi. Lokacin da aka yi wasannin Olamfik a birnin Seoul a 1988, sun sa shi a gaban baƙin da suka zo daga ko'ina. A 2001 hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, wadda a ke kira Codex, ta tsayar da sharuɗɗan abin da za a kira kimchi, watau ya sami ma'auni da ɗan kasuwa zai riƙe. A 2003 aka fara nuna wani dogon wasan talabijin mai suna Dae Jang Geum, labarin wata yarinya mai girki a fadar sarki, aka kalle shi a ƙasashe masu yawa, masu kallo suna haɗiyar miyau. Daga 2009 gwamnati ta sa kuɗinta da ma'aikatanta a kan tallar abincin ƙasar a waje. A 2010 ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja, inda a kan shirya koyon girki da gasar dafa abincin Koriya. A 2013 hukumar UNESCO ta sa gayyar nan ta yin kimchi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Har babban ƙamus na Oxford ya karɓi kalmomin Koriya 26 a 2021, da dama daga cikinsu sunayen abinci ne. Da ya ke kuma Koriyawa na cin naman alade, kamfanoninsu da su ke son kasuwar Indunusiya da Maleshiya sai da suka nemi shaidar halal a kan kayansu. Mai saye a nan ma ya kamata ya duba kwalin kafin ya biya.

To, mu dawo gida. Karɓar abincin baƙi ba sabon abu ba ne a Zariya. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari don ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni da 'yan kasuwa daga Kudu, kowa ya zo da cimarsa. A irin waɗannan unguwanni ne mutanenmu suka saba da burodi da garin rogo da teba da sakwara. Dattawa suka yi ta kushe su, jikokinsu kuwa ba su iya mako guda ba su ci ba. Daga baya taliyar Indomie ta zo daga Indunusiya a ƙarshen shekarun 1980, yau ga ta a teburin kowane mai shayi daga kasuwar Sabon Gari har bakin ƙofar jami'a a Samaru, ana soya ta da ƙwai da attaruhu kamar da ita aka haife mu. Ita da ramyeon 'yan gida ɗaya ne, domin dukansu daga dabarar da aka ƙago a Japan a 1958 suka samo asali.

Amma babban abin da ya haɗa mu da Koriya shi ne waken soya, kuma nan Samaru ta ke da hannu. An kafa gonar gwaji ta Samaru a 1922, ita ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona da ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. An fara gwada waken soya a Ibadan a 1908 bai yi ba. Da aka kawo shi Samaru a 1928 sai ya karɓi ƙasa. Shekaru da yawa manoman ƙasar Tibi ne suka fi noma shi, don a sayar wa Turawa a fita da shi, domin matanmu sun dafa shi kamar wake sun ga ba ya nuna da wuri, ga ƙarni. Sai a shekarun 1980, bayan masana sun fitar da sababbin iri, har da waɗanda Samaru ta sa wa suna Samsoy, aka kuma koya wa mata sarrafa shi, sa'an nan ya shiga tukunya.

Abin da ya fito daga nan kowa ya san shi, watau awara. A jiƙa waken, a kai injin markaɗe, a tace da ƙyalle, a tafasa ruwan, a zuba ruwan tsami ya dunƙule, a juye a buhu a danne da dutse, a yanka a soya, a ci da yaji da kabeji. Wannan abin da yarinya ke sayarwa a faranti a ƙofar makaranta, shi ne Koriyawa ke kira dubu, asalinsa kuwa daga ƙasar Sin ne, sun daɗe suna cinsa ƙarni bayan ƙarni. Ɗalibar da ke sha'awar abincin da ta gani a waya, ta ci ɗan'uwansa da safe ba ta sani ba.

Sauran magana ita ce ta daddawa. Ginshiƙin miyar Koriya wani abu ne da su ke kira jang. Su kan dafa waken soya ya yi laushi, su kirɓa, su cura shi kamar tubali, su ɗaure da karan shinkafa su rataye ya bushe, sa'an nan su tsoma shi a ruwan gishiri cikin randa har watanni. Ruwan da aka tsiyaye ya zama abin ɗanɗano, tukar kuma ta zama abin kaɗa miya, wadda su ke kira doenjang. Akwai ma wani iri da ba ya wuce kwana biyu ko uku a rufe, mai yauƙi da wari. Mace Bazazzagiya da ta ga wannan ba ta bukatar tafinta. Haka ta ke dafa kalwa wuni guda, ta surfa ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku, ta kirɓa ta shanya. Masana sun tabbatar ƙwayar halittar da ke wannan aiki a cikin kalwa, wadda ido ba ya gani, irinta ce ke aiki a cikin waken Koriya. Matan Kafanchan ma sun daɗe suna yin daddawa da waken soya kai tsaye. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa sana'ar yin jang cikin jerin nan nata.

Mu kuwa fa? Ɗunƙulen sinadari na kanti ya kori daddawa daga gidajen ma'aikata da yawa, har amarya ta kan ji kunyar a ga tana sa ta a miya, wai ƙauyanci ne. Ban ce ɗunƙulen ba shi da amfani ba, yana da sauƙi, amma yawancinsa gishiri ne, daddawa kuwa abinci ce mai gina jiki, wadda ta riƙe gidajen da nama ba ya shiga sai ran salla. Ita ɗorawa kuma, wadda ta kan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, ana ta sare ta don itace da gawayi, masu dasawa kaɗan ne. In itacen ya ƙare, sana'ar tsofaffin mata da ke ci da marayu da ita ta tafi ke nan.

A ganina laifin da a ke ɗora wa daddawa ba na wari ba ne, na tsabta da ma'auni ne. Mai saye a birni yana ƙyamar ƙura da tsakuwa, yana kuma son ya san ta yau daidai ta ke da ta jiya. Waɗannan kuwa abubuwa ne masu gyaruwa: a shanya a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa, a niƙa ta gari, a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta nauyi da ranar da aka yi. Masu binciken abinci suna Samaru, masu daddawa suna ƙauyukan da ke kewaye da ita, masu kwalba da masu buga takarda suna Sabon Gari, duk tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba. Malamin makaranta ma yana da rabonsa, in ya sa kowane yaro ya rubuto yadda a ke yin ta a gidansu, kwana nawa a ke rufewa, da wane ganye, don kowane gari da irin hannunsa, kuma kusan duk a ka a ke riƙe da shi.

Wani abu ɗaya ma mun fi Koriyawa sauƙi a kansa. Da suka koma zaman benaye, babu filin binne tukunya, sai da kamfanoninsu suka ƙera wa kimchi firiji nasa na musamman, wanda ya bazu a gidaje daga tsakiyar shekarun 1990. Daddawa in ta bushe sosai ta kan yi watanni a cikin ƙwarya, ko da wuta ko babu.